Muhawara: In Alkawari Ya Yi Jinkiri, Allah Ne Ya Ɗauke Shi Ko Mutum?

Malamin Lahadi:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi zaure. A daren shiga sabuwar shekara an gayyato mana wani baƙon mai wa'azi. Ya ce Ubangiji ya nuna masa kafin Ista duk mai neman aiki a cikinmu zai riƙe takardar kama aiki a hannu, duk mai neman haihuwa kuma za ta ji motsi. Muka yi ta ihun amin, wasu suka fita gaba da ambulan. Ista ta zo ta wuce, ga shi har an fara gasa ɗanyar masara a bakin titi. Jiya wani yaro a ajina ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Allah ne ya manta ko faston ne ya yi ƙarya?" Yara suka fashe da dariya, ni kuwa na ce mu rufe da addu'a. Ni kaina tun da na gama bautar ƙasa takarduna suke cikin leda a ƙarƙashin katifa. To yaya mutum zai gane cewa jinkiri ne kawai, ya ci gaba da jira, ko kuwa abin da yake jiran nan Allah bai taɓa cewa zai ba shi ba?

Autan Mama:
Ɗan'uwa, kada ka karaya. Allah ba ya makara. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran da alkawari a hannu, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Yusufu yana ɗan shekara 17 ya yi mafarki, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Naka ma yana tafe. Mahaƙurci mawadaci.

Ɗan Zonkwa:
Auta, Ibrahim Allah da kansa ya yi masa magana, ya kira shi waje ya nuna masa taurari, har sunan yaron ya gaya masa. Kai wa ya kira ka waje? Kullum sai mu ɗauko alkawarin da aka yi wa mutum guda a Littafin Farawa mu rataya wa kanmu, in bai cika ba mu ce Allah ya yi jinkiri. Nuna mini ayar da ta ce duk wanda ya gama digiri zai samu aikin gwamnati.

Maman Zumunta:
Kai Ɗan Zonkwa, sassauta harshe. Mutum ya zo da ciwo, kai kuma ka zo da barkono.

Baba Rabaran (mai ritaya):
Mama, ki bar shi. Bakinsa da kaifi amma tambayar tana kan hanya.

'Ya'yana, ku buɗe Irmiya sura 28. Kada ku yi tsalle zuwa 29:11 da muke liƙawa a bayan mota da jikin kalanda. A lokacin an riga an kwashe kashin farko na mutanen Yahuza zuwa Babila, wajen shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, har da sarki da kayan Haikali. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya miƙe a Haikali, gaban firistoci da jama'a, ya ce nan da shekara 2 Ubangiji zai karya karkiyar sarkin Babila, mutane da kaya duk su dawo gida. Irmiya yana nan tsaye da karkiyar itace a wuya. Kun san abin da ya fara cewa? Amin, Ubangiji ya sa haka. Shi ma yana so abin ya zama gaskiya, wa yake son danginsa su daɗe a bauta? Hananiya ya cire karkiyar daga wuyan Irmiya ya kakkarya ta a idon kowa. Da a zamaninmu ne, da kafin yamma bidiyon ya zaga duk wayoyinku. Bayan haka Ubangiji ya aiki Irmiya ya gaya wa Hananiya: ka karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta, ka kuma sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya. A wata na 5 ya yi annabcin, a wata na 7 na wannan shekara ya mutu.

Sannan wasiƙar sura 29 ta tafi Babila. Ba shekara 2 ba, shekara 70. Ku gina gidaje ku zauna, ku yi gonaki ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku, ku yi masa addu'a. Sai bayan duk wannan ayar nan da muke so ta zo, cewa nufin Allah a kansu na alheri ne. Yanzu ku lissafa: wanda ya ji karatun wasiƙar nan yana da shekara 40, zai ga ƙarshen shekara 70? Yawancinsu a Babila aka binne su. Alkawarin ya cika, Sairus ya ba da izinin komawa, amma 'ya'ya da jikoki ne suka fi cin moriyarsa.

Malam, a duk lokacin da mutum ya sa wa Allah ranar biya, ka tuna da Hananiya. Maimaitawar Shari'a 18:22 ba ta bar mu cikin duhu ba: in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Ka koma ka gaya wa yaron nan gaskiya daidai hankalinsa, kada ya girma yana zaton Allah mai mantuwa ne.

Ɗan Zonkwa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. To kuɗin ambulan ɗin fa? Za a dawo da su?

Mai kula da zaure:
Ban da kiran suna don Allah. Mai ƙorafi a kan wannan ya rubuta wa dattawan ikilisiyarsa, su suka gayyato baƙo, su za su amsa.

Wata 'yar'uwa ta turo mini saƙo ta ce in sa mata ba tare da suna ba. Ga shi yadda ta rubuta:

"Ina karanta ku hawaye na zuba. Mun daɗe da aure, ba haihuwa. Ƙannena da na yi wa wankan jego sun kai yara makaranta. Ranar miƙa jarirai a majami'a nakan zauna can baya kusa da ƙofa don in samu hanyar fita kafin a fara waƙa. Uwar mijina ta daina kiran sunana, sai dai 'ita waccan'. Na yi azumi har ya taɓa mini ciki, na sha man zaitun, an ce in sayi kayan jarirai in ajiye don nuna bangaskiya, suna nan a akwati har sun fara sauya launi. Kowa sai ya ce mini Hannatu, Hannatu, wadda ta daɗe ba haihuwa kafin ta haifi Sama'ila. Na san labarin Hannatu fiye da mai ba ni shi. Abin da nake so in sani, in har ba zan haihu ba, Allah ya ƙi ni ke nan? Ko bangaskiyata ce ta kasa?"

Maman Zumunta:
Wayyo 'yata. Allah bai ƙi ki ba, ki ji wannan daga bakin uwa. Mu ma mata muna da laifi, mu ne masu leƙen cikin amarya tun ba ta yi wata uku a ɗaki ba. Ki duba Luka sura 1, an ce Zakariya da Alisabatu dukansu masu adalci ne a gaban Allah, a nan take kuma aka ce ba su da ɗa har sun tsufa. Littafi da kansa ya raba rashin haihuwa da rashin bangaskiya. Wanda ya haɗa miki su ya ɗora miki kayan da ba naki ba.

Nas daga Jos:
'Yar'uwa, sannu. Zan yi magana ta fannin aikina. A asibiti, in ma'aurata sun yi shekara guda suna tare ba tsarin iyali kuma ciki bai shiga ba, lokacin ganin likita ya yi. In mace ta haura shekara 35, ba a ma so a jira shekarar ta cika, wata 6 ya isa. Kuma ba mace kaɗai ake dubawa ba. Sau da yawa matsalar tana wajen namiji, wani lokaci wajen su biyun. Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mace sauƙi da araha, amma sai ka ga mace ta sha allura da hoto iri-iri, maigida bai taɓa taka ƙofar ɗakin gwaji ba. Akwai toshewar bututun mahaifa, akwai ƙari a mahaifa, akwai rikicewar al'ada, da dama cikinsu ana magance su in an zo da wuri. Abin da yake ba ni takaici shi ne matan da suke zuwa bayan sun ƙare shekarunsu masu kyau a gidajen addu'a. A cikin saƙonki ban ga inda kika ce an duba mijinki ba. An duba shi?

Autan Mama:
Anti Nas, ba na musu da ke, amma ni wannan ne yake ba ni tsoro. Saratu ma dabara ta yi ta kawo Hajaratu, Ibrahim yana da shekara 86 aka haifi Isma'ilu, gidan bai sake zama lafiya ba. Saul ya jira Sama'ila kwana 7 a Gilgal, da ya ga mutane suna watsewa sai ya miƙa hadaya da kansa, yana gamawa Sama'ila ya iso. Mulki ya tafi. Ina iyakar jira, ina farkon taimaka wa Allah? Kuma Yesu ya ce mu roƙa za a ba mu, Markus 11:24 ta ce mu gaskata mun riga mun samu. Ko mu goge waɗannan?

Manomi daga Malumfashi:
Ni ban yi makarantar fastoci ba, amma bari in sa baki. Saul an ba shi umarni ya karya. Wa ya ba 'yar'uwarmu umarnin kada ta je asibiti? Luka ma da ya rubuta mana Bishara likita ne.

Mu nan muna yin binne. Kafin ruwa ya sauka, ƙasa a bushe ƙamas, rana tana dukan ƙeya, mu fita da sungumi mu sare rami mu zuba gero mu rufe da diddige. Daga nan kuma sai kallon gabas. Ba ni da ikon sauko da ɗigo ɗaya. Wata shekara ruwa ya zo a kan kari, kafin maƙwabci ya nemo iri nawa ya tsiro. Wata shekara a yi yayyafi kaɗan, irin ya kumbura ya ruɓe a ƙasa, dole in sake shuka. Amma ban taɓa ganin wanda ya kwanta a gindin bishiya da iri a buhu ya ce yana jiran Allah, ya kuma ci tuwo da kaka ba. Yakubu 5:7 da manomi ya ba da misalin haƙuri, manomin kuwa sai da ya shuka sannan ya jira. Malam, kai ma takardun nan su ci gaba da zagawa, amma ka kama wata sana'a a hannu kafin nan.

Baba Rabaran (mai ritaya):
Auta, ba za mu goge ko aya ɗaya ba, sai dai mu karanta su tare da 'yan'uwansu. Wanda ya ce mu roƙa za a ba mu, shi ne ya durƙusa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya ƙare da cewa ba nufinsa ba sai na Uba, ƙoƙon kuma ya sha shi. Bulus sau 3 ya roƙa a cire masa ƙaya daga jiki, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Za ka ce Bulus ba shi da bangaskiya? 1 Yahaya 5:14 ta sa sharaɗi: in mun roƙa bisa ga nufinsa. Hanyar Hajaratu a yau ita ce cin hanci don a saya maka aiki, ko a bi dare zuwa wajen boka, ko miji ya yi ɗa a waje ya ce ai gado yake nema. Ganin likita ba ya cikin wannan layi.

Ɗan Zonkwa:
Na ji duka. Amma har yanzu misalan da muke so su ne masu ƙarewa da biki: Ishaku ya zo, Yusufu ya hau kujera, Hannatu ta rungumi Sama'ila. Ranar 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, wasu sun dawo, wasu iyayen sun mutu suna sauraron ƙofa. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka ɗauki 'yan matan Dapchi, bayan wata guda aka dawo da yawancinsu, aka riƙe Leah Sharibu don ta ƙi barin bangaskiyarta. Wace majami'a ce a ƙasar nan ba ta yi azumi dominta ba? Shekaru nawa ke nan? In na tsaya gaban mahaifiyarta, "Allah ba ya makara" zan ce mata? Ni bakina ba zai iya ba.

Baba Dattijo, Mubi:
Ɗana, kada ka ce mata komai. Ka zauna kusa da ita kawai.

Ban cika rubutu a nan ba, idona ba ya son ƙananan baƙaƙen waya, amma wannan ta taɓa ni. Ƙarshen Oktoba 2014 da Mubi ta faɗi, da ƙafa muka fita, Kirista da Musulmi duk hanya ɗaya, wasu suka nufi Kamaru wasu Yola. Hedikwatar ikilisiyarmu ta EYN da ke Kwarhi ma sai da aka bar ta, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. A daji na ga tsohuwa tana addu'a da ƙarfi, aka tsira da ita. Na ga wata da ta fi ta addu'a, ba ta kai gari ba. Tun daga ranar na daina auna bangaskiyar mutum da abin da ya same shi.

Ka karanta Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, a layi biyu aka gama labarinsa. Ya kama Bitrus, mala'ika ya zo sarƙoƙi suka zube. Sura ɗaya, sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya. Mu kuwa wa'azin Bitrus kaɗai muke yi. Yahaya Mai Baftisma daga kurkuku ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwa ko a sa ido ga wani. Yesu bai tsawata masa ba, ya ma yabe shi gaban jama'a, amma bai buɗe masa kurkuku ba.

Rabaran Lawan Andimi na Michika, da 'yan Boko Haram suka kama shi a Janairun 2020, ya yi magana a bidiyon da suka ɗauke shi. Bai ce Allah zai fitar da shi ranar kaza ba. Ya nuna yana sa zuciya zai sake ganin iyalinsa, in kuma ba a ba shi wannan ba, to ya bar wa nufin Allah, kuma bai karaya ba don komai yana hannun Allah. A cikin wannan Janairun aka kashe shi. Irin maganar abokan Daniyel ce a bakin tanderu: Allahnmu yana da iko ya cece mu, ko da bai cece mu ba ma, ba za mu yi sujada ga gunki ba. Ibraniyawa 11 da muke kira surar jarumawan bangaskiya, sau biyu ta ce waɗannan mutane sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, a aya 13 da aya 39. Daga nesa suka hango shi.

'Yar Maraɗi:
Baba, na gode. Abin da ni ya taimake ni shi ne gano cewa an yarda in yi kuka. A wurinmu in ka ce "na gaji" sai a ce kana furta rashin bangaskiya. Amma Zabura 13 da "har yaushe" ta fara, sau 4 a jere. Zabura 88 kuwa ko juyowa ba ta yi ba, cikin duhu ta ƙare, kuma an bar ta a Littafi. Marta ta tari Yesu a hanya bayan ɗan'uwanta ya kwana 4 a kabari, ta gaya masa a fuska cewa da yana nan da bai mutu ba. Ta san an aika masa, mu kuma mun san ya ƙara kwana 2 a inda yake. Bai kore ta ba. 'Yar'uwa mai saƙo, ki gaya wa Allah yadda kika gaya mana, ba sai kin yi masa kwalliyar magana ba.

Malamin Lahadi:
To iyaye, in aiki da haihuwa da tsira daga takobi ba a ba kowa tabbacinsu ba, me ya rage da zan riƙe in ce wannan kam nawa ne?

Baba Rabaran (mai ritaya):
Da yawa, ɗana, sai dai ba su ne masu cika majami'a a daren 31 ga Disamba ba. Ubangiji ya ce ba zai bar ka ba, ba zai yashe ka ba. Ya ce in ka furta zunubi zai gafarta. Ya ce mai neman hikima ya roƙa za a ba shi ba gori. Ya ce Ubanka ya san kana bukatar ci da sutura. Ya ce zai ta da mu a ranar ƙarshe. Akwai ma wanda ba mu cika so a tuna mana ba, a Yahaya 16:33, cewa a duniya za mu sha wahala. Waɗannan da hatiminsa suke. Aiki da aure da haihuwa kuwa roƙo ne, mu roƙa da gaba gaɗi, mu naci, yana bayarwa kuma ya ba mutane da yawa a cikinmu. Amma roƙonka bai zama bashi a kansa ba.

Mu da muke ikilisiyar ECWA ma daga irin wannan jiran muka fito. A Disambar 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai 1932, ECWA kanta sai 1954. Biyun nan na farko ko majami'a ɗaya ba su gani ba.

Ɗan Zonkwa:
Baba, wannan na yarda da shi. Amma zan faɗa ko za a ce na cika baki: rabin jiran da muke cewa lokacin Allah ne, mutane ne suka zaunar da mu. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 a rufe saboda yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Tsoho ya yi wa ƙasa aiki shekara 35 yana bin layin fansho har ya faɗi. Wannan ba agogon sama ba ne, zalunci ne, kuma Habakuk bai yi shiru a kan irinsa ba.

Maman Zumunta:
A nan kam ba mai ja da kai. Yusufu ma mantuwar mai shayar da Fir'auna ce ta ƙara masa shekara 2 a kurkuku, laifin mutum ne, Allah kuma bai bar shi ya tafi a banza ba. Biyun duk gaskiya ne.

Mai kula da zaure:
'Yar'uwarmu ta sake turo saƙo. Ta ce ta gode, ta karanta duka. Amsar tambayar Anti Nas kuma ita ce a'a, ba a taɓa duba shi ba. Ta taɓa kawo maganar, ya yi kwana biyu bai ci abincinta ba, ya ce a danginsu ba a taɓa samun namijin da bai haihu ba. Tana tambaya ta yaya za ta sake tayar da zancen ba tare da gidan ya kama da wuta ba.

Nas daga Jos:
Kada ta ce "je a duba ka". Ta ce likita ya ce ba zai ci gaba da duba ta ba sai sun zo tare, hakan kuwa gaskiya ne, haka tsarin yake. Sakamakon kuma tsakaninsu da likita ne, ba mai kai wa dangi.

Baba Dattijo, Mubi:
Wannan magana daga bakin mace takan yi wa namiji nauyi, girman kai ne da tsoro a haɗe. Ta nemi dattijo ɗaya da mijin yake jin kunyarsa, mai riƙe sirri, ba abokin wasansa ba, ba kuma ɗan danginsu ba. In babu, ta ba mai kula da zaure izini ya haɗa ni da shi in kira shi, ba sai ya san daga ina maganar ta fito ba.

Maman Zumunta:
Uwar mijin kuma a bar mana ita. In a gundumarmu take, akwai tsofaffin da za su kai mata gaisuwa ranar Alhamis bayan zumunta. A turo mini sunan unguwar ta bayan fage.